Tseren Keke da Zargin Shan Magungunan Ƙara Kuzari: Tambayoyi da Amsoshi

Duk watan Yuli, da zarar wani ɗan tsere ya bar tsararrakinsa a baya a kan tsaunukan Faransa, sai tsohuwar maganar nan ta taso: da ƙarfinsa ne, ko akwai wani abu a cikin jininsa? Ga tambayoyin da masu kallon gasar tseren keke ta Tour de France suka fi yawan yi, da amsoshinsu.

Me ya sa kullum tseren keke ake nuna wa yatsa, alhali akwai ƙwallon ƙafa da dambe da sauransu?

Na farko, yanayin wasan ne. Gasar Tour de France zango 21 ce cikin mako uku, tafiyar kusan kilomita 3,500, da hawan tsaunuka wanda ko mota sai ta yi nishi. A ƙwallon ƙafa, allura ba za ta koya wa mutum yanka ko bugun tazara ba. A tseren keke kuwa, idan aka zo hawan dutse, wanda jininsa ya fi ɗaukar iskar oksijin shi ne zai riga kowa isa. Amfanin maganin a fili yake, ana iya ƙirga shi da agogo.

Na biyu, asirin wannan wasa ya tonu a bainar jama'a sau da yawa, kuma an fi tsananta bincike a cikinsa. Hakan ba ya nufin sauran wasannin tsarkakakku ne. Likitan nan na Sifaniya, Eufemiano Fuentes, da aka kama da jakunkunan jini a 2006, ya faɗa da bakinsa cewa cikin masu zuwa wurinsa akwai 'yan ƙwallon ƙafa da 'yan tanis da 'yan dambe. Amma sunayen da suka fito fili kusan duk na masu keke ne.

Waɗanne magunguna ake magana a kai?

Babban cikinsu shi ne EPO. Sinadari ne da ƙoda ke samarwa, yana umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara haɗa shi a masana'anta domin masu ciwon ƙoda da jininsu ke ƙarewa. Ba a jima ba ya faɗa hannun likitocin 'yan tsere. A jikin lafiyayyen namiji, jajayen ƙwayoyi kan kai kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na jini. Da EPO ana tura su sama da haka, har jinin ya yi kauri kamar kunu, zuciya tana turawa da ƙyar. Bjarne Riis na Denmark, wanda ya ci Tour a 1996, laƙabinsa a cikin 'yan tsere shi ne "Mista Kashi 60". A 2007 ya amsa cewa ya yi amfani da EPO.

Sai ƙarin jini. A ɗebi jinin mutum makonni kafin gasa, a adana a firji, jiki ya maye gurbin abin da aka ɗiba, sannan a tsakiyar gasa a mayar masa da shi. Jininsa ne na kansa, don haka babu baƙon sinadarin da za a gani a fitsari.

Akwai kuma testosterone da sinadarin girma domin jiki ya warware da wuri, da cortisone mai rage kumburi da ƙiba, da magungunan kashe zafi. A nan ne tramadol ya shigo, wato tiramol ɗin nan da hukumar NDLEA ke fama da shi a Nijeriya. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana shi a lokacin gasa tun Maris 2019, kuma saboda shi aka ƙwace wa Nairo Quintana na Kolombiya matsayi na shida da ya samu a Tour na 2022.

Sabon abu ne?

Ko kaɗan. Tun 1924, shekara 21 da fara Tour, 'yan'uwan nan Henri da Francis Pélissier suka zauna da ɗan jarida Albert Londres suka zazzage masa abin da ke cikin jakarsu, har da hodar ibilis. A ranar 13 ga Yuli 1967, Tom Simpson na Birtaniya ya faɗi a kan dutsen Mont Ventoux cikin tsananin zafin rana, ya rasu yana da shekara 29. An samu amfetamin da giya a jikinsa, an kuma samu ƙwayoyin a aljihun rigarsa.

Sai dai akwai bambanci. Ƙwayoyin da, gajiya suke ɓoye wa mutum, ba sa mayar da jaki doki. EPO kuwa yana canza jikin ne gaba ɗaya, shi ya sa shekarun 1990 suka zama wani zamani na daban.

Me ya faru a 1998 da ake ta ambato?

A ranar 8 ga Yuli 1998, saura kwana uku a fara Tour, jami'an kwastan suka tare wata motar ƙungiyar Festina a kan iyakar Beljiyam da Faransa. Mai tuƙin shi ne Willy Voet, mai yi wa 'yan tseren tausa da hidima. A cikin motar akwai ɗaruruwan kwalabe na EPO da sinadarin girma da testosterone. Manajan ƙungiyar ya amsa cewa tsari ne na ƙungiya, da sanin likita, ba aikin mutum ɗaya ba.

Aka kori Festina. 'Yan sanda suka dinga kai samame otal-otal, suna kwashe 'yan tsere zuwa ofis. Su kuma 'yan tseren suka fusata, suka ajiye kekunansu suka zauna a kan kwalta. Ka lura, ba don an gano ana shan magani suka yi zanga-zanga ba, don an taɓa su ne. Mutum 189 suka fara gasar, 96 suka isa birnin Paris. Tauraron Festina, Richard Virenque, ya yi shekara biyu yana rantsuwa cewa bai san komai ba, sai a kotu a 2000 ya amsa.

Daga wannan abin kunya aka kafa hukumar yaƙi da shan magungunan ƙara kuzari ta duniya, WADA, a 1999. Aka ce an buɗe sabon shafi. Wanda ya ci Tour na wannan shekarar ta sabon shafi shi ne Lance Armstrong na Amurka.

Armstrong ya sha cewa an gwada shi sau ɗaruruwa bai taɓa faɗuwa ba. Ta yaya ya tsallake?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, domin duk zargin da ake yi a yau daga nan ya samo tushe.

A 1999 babu ma gwajin EPO. Abin da UCI ke da shi tun 1997 shi ne ƙa'idar kashi 50: duk wanda kaurin jininsa ya wuce haka, a hutar da shi mako biyu. Sai ƙa'idar ta koma maƙasudi. Kowa yana da ɗan injin auna jini, yana ajiye kansa a 49. Idan an ji masu gwaji sun iso otal, a ɗaura ruwan gishiri a jijiya, cikin ɗan lokaci jini ya tsinke. Da gwajin EPO ya fito a 2000, likitoci irin su Michele Ferrari na Italiya suka canza dabara: a yi allura kaɗan-kaɗan a jijiya da dare, kafin gari ya waye alamar ta ɓace. Aka kuma koma ga ƙarin jini. Tsoffin abokan tserensa sun ba da shaida cewa a Tour na 1999 wani mutum ne a kan babur ke bin gasar da EPO a cikin fulas mai sanyi, sannan a 2004 an taɓa tsayar da bas ɗin ƙungiyar a gefen hanya kamar ta lalace, direba yana ta duba inji, a ciki kuwa 'yan tsere ne kwance ana ɗura musu jini.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa bai taɓa faɗuwa ba. A 1999 an ga cortisone a fitsarinsa, sai ga takardar likita mai ɗauke da kwanan wata na baya, tana cewa man shafawa ne na gyambon sirdi. UCI ta karɓa. A 2005 jaridar L'Équipe ta ruwaito cewa an sake gwada fitsarinsa na 1999 an samu EPO, aka yi ta gardamar ƙa'ida har magana ta shiririce. Rahoton wani kwamiti mai zaman kansa da ya fito a 2015 ya ce shugabannin UCI na wancan lokaci sun riƙa ba shi kulawa ta musamman. Ba abin mamaki ba ne, shi ne ya kawo musu kasuwar Amurka.

Sai kuma tsoro. Christophe Bassons, Bafaranshen da ya fito ya ce ana shan magani, 'yan'uwansa suka daina yi masa magana har ya janye daga Tour na 1999. Filippo Simeoni ya ba da shaida a kan Ferrari a kotu, sai a Tour na 2004 Armstrong, sanye da rigar jagora mai ruwan ɗorawa, ya bi shi da gudu ya hana shi tserewa, ba don yana barazana ga matsayinsa ba, don kowa ya gani ya kama bakinsa.

Ƙarshenta a Oktoba 2012 hukumar yaƙi da shan magungunan ƙara kuzari ta Amurka, USADA, ta fitar da rahoto mai ɗauke da shaidar tsoffin abokan tserensa 11. Aka ƙwace kambunansa bakwai, na 1999 zuwa 2005. A Janairu 2013 ya amsa a hirarsa da Oprah Winfrey.

To idan gwaji bai kama su ba, wa ke kama su?

Duba jerin da kanka. Festina, kwastan. Fuentes, 'yan sandan Sifaniya ne suka shiga gidansa a Madrid a Mayu 2006 suka tarar da jakunkunan jini kusan 200, wasu da sunayen karnukan masu jinin a rubuce a matsayin lakabin sirri. Dalilin haka manyan taurari Jan Ullrich da Ivan Basso ba su shiga Tour na shekarar ba. Michael Rasmussen yana sanye da rigar jagora a 2007 ƙungiyarsa ta kore shi, saboda ya ce yana Meziko alhali wani mai sharhin talabijin ya gan shi yana atisaye a Italiya. Armstrong, abokansa ne suka tona shi, musamman Floyd Landis. A Fabrairu 2019, tsegumin wani ɗan wasan zamiya a kan ƙanƙara ya kai 'yan sandan Ostiriya da Jamus ga likita Mark Schmidt na garin Erfurt, daga nan sunayen masu keke irin su Stefan Denifl da Georg Preidler suka fito.

Ɗakin gwaji ya yi nasa ƙoƙarin. Shi ya kama Landis da testosterone a 2006, da Riccardo Riccò da Bernhard Kohl da sabon nau'in EPO a 2008. Amma manyan gidajen sana'ar, masu likita da firji da jadawali, 'yan sanda da masu tsegumi ne suka rusa su. Shi ya sa idan wani ya ce "ban taɓa faɗuwa gwaji ba", tsoffin masu kallo sukan yi murmushi kawai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Yaya ake gwaji a yau?

Ya fi na da nesa ba kusa ba. Tun 2008 akwai abin da ake kira fasfon jini. Maimakon a nemi maganin, sai a riƙa auna jinin mutum a kai a kai, a san yadda nasa yake a al'ada. Idan ya yi wani tsalle da babu bayani, kwamitin ƙwararru ya nemi ba'asi. Kowane babban ɗan tsere dole ya sanar da inda zai kwana da awa ɗaya a kowace rana da za a same shi, ko yana hutu ne da iyalinsa. Ya kuskure sau uku cikin wata 12, laifi ne. Ana ajiye samfurin jini da fitsari har shekara 10 domin a sake gwadawa idan sabuwar dabara ta fito. Hukuncin wanda ya sha da gangan dakatarwa ce ta shekara huɗu. Kuma tun 2021 ba UCI ke gudanar da gwajin ba, wata hukuma ce daban mai suna ITA, wanda ya rage matsalar nan ta mai kasuwa ya zama shi ne mai sa ido a kan hajarsa.

Abin da fasfon ya yi shi ne ya matse wurin. Kashi 60 ya zama tarihi. Amma mai yin kaɗan-kaɗan da ƙwararren likita yana iya zama cikin layi, kamar yadda shari'ar Schmidt ta nuna.

Me ya sa aka hukunta Contador aka wanke Froome?

Magungunan ba ajinsu ɗaya ba. A Tour na 2010 an samu ɗan mitsitsin clenbuterol, maganin da wasu ke ba dabbobi don su yi tsoka, a fitsarin Alberto Contador, wanda ya ci gasar. Ya ce naman sa ne da aka kawo daga Sifaniya. A lokacin, ko ɗigo ne na wannan magani laifi ne, kuma kotun wasanni ta duniya ba ta gamsu da labarin naman ba. A Fabrairu 2012 ya rasa Tour na 2010 da Giro (babbar gasar Italiya) na 2011.

Chris Froome kuwa, a gasar Vuelta ta Sifaniya ta 2017 an samu salbutamol, maganin shaƙa na masu asma, ninki biyu na abin da aka yarda. Wannan magani halal ne zuwa wani mizani, don haka ana ba mutum damar ya yi bayani. Lauyoyi da masana suka yi wata tara suna fafatawa, ya ci gaba da tsere har ya ci Giro na 2018, sannan aka rufe shari'ar a Yulin 2018. A doka, ba shi da laifi. Abin da ya rage a zukatan mutane shi ne: da ƙaramin ɗan tsere ne marar kuɗin lauya, haka za ta kaya?

Ƙungiyarsa ta Sky ma ba ta taimaki kanta ba. Ta shigo da alfaharin tsafta, amma a 2021 wata kotun ladabtar da likitoci a Birtaniya ta samu tsohon likitanta Richard Freeman da laifin yin odar testosterone a 2011, yana sane ko yana zaton wani ɗan tsere za a ba. Har yau ba a bayyana ko wane ne ba.

Pogačar da Vingegaard fa? An kama su da wani abu?

A'a. Cikin waɗannan zakarun biyu, da kowannensu ya ci Tour fiye da sau ɗaya, babu wanda ya taɓa faɗuwa gwaji, babu shaidar da ta fito daga bakin abokin tsere ko ma'aikaci, babu binciken 'yan sanda a kansu. Dukansu sun musanta.

Agogo ne ke jawo musu magana. A Tour na 2023, a tseren mutum ɗai-ɗai na kilomita 22 da ɗoriya, Jonas Vingegaard ya ba Tadej Pogačar ratar minti 1 da daƙiƙa 38, shi kuma Pogačar ya ba duk sauran rata mai yawa. A 2024, a hawan Plateau de Beille, Pogačar ya kai ƙololuwa cikin ƙasa da minti 40, ya zarce lokacin da Marco Pantani ya kafa a 1998 da fiye da minti uku. Pantani kuwa, binciken majalisar dattawan Faransa na 2013 ya nuna akwai EPO a samfurinsa na wannan gasar. To yaya mai jini na halal zai zarce shi haka? Tambaya ce mai ma'ana, kuma wanda ya yi ta bai ci mutuncin kowa ba.

Abu na biyu shi ne mutanen da ke kewaye. Shugaban ƙungiyar UAE ta Pogačar, Mauro Gianetti, shi ne manajan Saunier Duval a 2008 lokacin da aka kama Riccò. Ba a hukunta shi a kan haka ba. Amma wasan cike yake da manajoji da daraktoci da suka fito daga wancan zamani, kuma a ganina wannan ya fi kowane agogo ɓata wa yaran yanzu suna.

Idan ba magani ba ne, me zai sa su fi na da gudu?

Akwai dalilai na gaske. Abinci na gaba. Da, mutum yakan yi tseren awa biyar da 'yar ayaba da ruwa, har ana ganin yunwa horo ce. Yanzu suna cin kusan giram 100 zuwa 120 na sukari da sitaci a kowace awa, an horar da cikinsu ya ɗauka. Sannan iska. Nauyin keke bai canza ba, domin tun 2000 doka ta ce kada ya gaza kilo 6.8, amma siffar keken da hular kwano da riga da tayoyi duk an gyara su domin su yanki iska su rage jan kwalta. Ana kuma yin makonni ana atisaye a kan tsaunuka irin su Teide a tsibirin Tenerife, inda ƙarancin oksijin ke sa jiki ya ƙara jini da kansa. Yara suna fara aiki da na'urar auna ƙarfin ƙafa tun suna 'yan shekara 15. Zangunan sun rage tsawo. Kuma lokacin hawan dutse ya danganta da iskar ranar, da sabuwar kwalta, da yadda abokan ƙungiya suka ja mutum a farkon hawan.

Duk wannan gaskiya ne. Ko ya isa ya cike minti uku, nan ne masana ke rabuwa. Gudu shi kaɗai ba hujja ba ne, kamar yadda tsallake gwaji shi kaɗai ba wanki ba ne. Sai dai a tuna, a zamanin Armstrong ma an yi ta bayani da saurin juya feda da auna abinci a sikeli.

Akwai abubuwan da ba a haramta ba amma ake ƙyama?

Akwai, kuma a nan rigimar yau ta fi zafi. A 2024 aka ruwaito cewa wasu manyan ƙungiyoyi suna da na'urar shaƙar iskar carbon monoxide, gubar nan da ke cikin hayaƙin janareta. Ɗan kaɗan daga cikinta hanya ce da masana suka daɗe suna auna yawan jinin mutum da ita, kuma ƙungiyoyin sun ce iyakar abin da suke yi ke nan. Amma shaƙa a kai a kai tana iya sa jiki ya ƙara jini. UCI ta hana maimaita shaƙar daga Fabrairu 2025. Akwai ruwan ketone, wanda halal ne amma wasu ƙungiyoyi suka haramta wa kansu. Akwai kuma takardar izinin likita ta shan haramtaccen magani saboda rashin lafiya: a 2016 aka fallasa cewa Bradley Wiggins ya samu izinin allurar cortisone mai ƙarfi daf da Tour na 2012 da ya ci. Bai karya doka ba, ya ce don rashin lafiyar numfashi ne, amma wani kwamitin majalisar Birtaniya ya ce ƙungiyarsa ta Sky ta ƙetare iyakar ɗa'a.

Da gaske ana ɓoye inji a cikin keke?

An taɓa kamawa. A Janairu 2016, a gasar duniya ta tseren cikin taɓo a Zolder, aka samu ɗan inji a wani keken Femke Van den Driessche ta Beljiyam, aka dakatar da ita shekara shida. A Tour ana duba kekuna da na'urar maganaɗisu da hoton ƙashi, ba a taɓa kama kowa ba.

Me zai hana a bar kowa ya sha, a huta?

Domin ba zai zama daidai ba. Magani ba ya yi wa kowa aiki iri ɗaya. A zamanin ƙa'idar kashi 50, wanda Allah ya halitta da kashi 42 yana da sararin ƙara takwas, mai kashi 48 kuwa biyu kawai zai ƙara. Sai baiwa ta koma naƙasu. Sannan mai kuɗi zai ɗauki likita mafi tsada, marar kuɗi ya yi wa kansa a ɗaki. A Fabrairu 2011 an kai Riccò asibiti rai a hannun Allah, likitan da ya karɓe shi ya ce ya faɗa masa jinin da ya ajiye a firjin gida ya ɗura wa kansa. Kuma duk abin da manya suka halatta, yaro ɗan shekara 17 mai neman kwantiragi shi zai fara ɗauka, ba likita ba mai duba.

Idan an ƙwace wa mutum kambu, wa ake ba?

Yawanci na biyu. Óscar Pereiro ya gaji Landis a Tour na 2006, Andy Schleck ya gaji Contador a na 2010. Wani lokaci abin yakan ɗauki shekaru: sai a 2019 fasfon jini ya kama Juan José Cobo, aka ƙwace masa gasar Vuelta ta 2011 aka miƙa wa Froome, shekara takwas bayan an tashi daga wurin.

Na Armstrong ne aka rasa wanda za a ba. Rahoton USADA ya ce a cikin gurabe 21 na ɗaya zuwa na uku a waɗannan shekaru bakwai, 20 na mutanen da aka danganta da shan magani ne. Don haka UCI ta yanke cewa daga 1999 zuwa 2005 gasar Tour de France ba ta da zakara.